Tambaya: saba (na'urar da ke ajiye bayanan kowa) ɗaya, ko kowace ƙungiya da tata, ko blokcen?

ɗan_Garin_Malam:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar kwamfuta. Akwai abin da ya ɗaure mini kai ina son waɗanda suka fi ni sani su warware mini.

Wasu ƙungiyoyin manoma ne guda 6, wajen Mirya da Matamaye da Magarya, suka ba ni aikin rubuta musu aplikasiyo na warantaj. Kun dai san yadda abin yake, da kaka manomi ya kawo buhunan wake ko gujiya ko gero a zuba a magaza a ba shi bashi gwargwadon kayansa, in farashi ya tashi da bazara a saida ya biya bashin ya ɗauki abin da ya rage. Har yanzu komai a kaye suke rubutawa, kuma abin da suke so shi ne wanda ya ajiye hatsi a Matamaye ya iya nuna resinsa a Mirya a yarda da shi a ba shi taki ko iri a kan wannan resin ba tare da an yi ta buga talho ana tambaya ba.

Ni da farko na ce musu ai abu ne mai sauƙi, saba ɗaya a nan Damagaram da rumbun bayanai na PostgreSQL, kowane magatakarda da sunansa da modpas ɗinsa shi ke nan. Wallahi kafin in rufe baki wani dattijo ya ce to ita sabar a hannun wa za ta zauna? Daga nan taro ya rikice, babu wanda ya yarda lissafinsa ya kwana a hannun wata ƙungiyar, kuma ni ma ba su yarda in riƙe ba, sun ce in gobe ka samu aiki a Yamai fa?

Wani abokina ya ce in sa musu blokcen, wato littafin lissafi irin na Bitcoin da kowa ke da kwafinsa kuma ba a gogewa, kowa ya huta, tsarin desantralize, babu mai riƙe da komai. Wani kuma ya ce a'a tsarin tarayya ya kamata irin na dandalin sada zumunta na Mastodon, kowace ƙungiya da sabarta suna magana da juna. Na karanta duka biyun kuma kowanne cewa yake ba shi da ubangida ɗaya, to ina bambancin yake ta wajen amana? Wa ake yarda da shi a wannan, wa ake yarda da shi a wancan? Ku tuna fa rezo a ƙauyukan nan sai an hau tudu, kuran kuma kun san halin da ake ciki, magatakardan nan ƙananan Itel da Tecno ne a hannunsu, kuɗin aikin ma ba wani mai yawa ba ne.

Mai_Linux:

Wa alaikumus salam ƙanena. Dattijon nan da ya yi tambaya ya fi abokanka biyu fahimtar matsalar.

Ka ajiye maganar babu ubangida a gefe, talla ce. Tambaya biyu za ka yi wa kowane tsari: in na ɓatar da makullina, wato sirrin da nake shiga da shi, wa zai maido mini da kontina, sannan wa ke da ikon kore ni ko canza abin da aka rubuta a kaina. Wanda ke iya yin waɗannan shi ne ka ba amana ko ka sani ko ba ka sani ba.

A tsarin tarayya amsar a fili take, mai sabarka ne. Imel shi ne kakan abin, tun 1982 aka rubuta ƙa'idar aika shi mai suna SMTP kuma har yau mai adireshin Gmail yana aika wa mai adireshin jami'a saƙo ba tare da kamfani ɗaya ya mallaki su biyun ba. Kai ka yarda da sabarka, sabarka ta yarda da tasu bisa ƙa'idar da aka amince a kai. Misalin da ya fi kama da naka shi ne eduroam na jami'o'i, ɗalibi ya tahi wata jami'a a wata ƙasa ya shiga wifi ɗinsu da sunan da jami'arsa ta gida ta ba shi, jami'ar da ya sauka ba ta ganin modpas ɗinsa, tambayar kawai take turawa gida, gida ta ce e namu ne ko a'a ba mu san shi ba. Ko kart SIM ɗinka da ke kama rezo in ka tsallaka Daura ko Maigatari, kamfanin can bai san ka ba, kamfaninka na nan ya tambaya. Kart ɗin banki mai alamar GIM-UEMOA ma haka, ka cire kuɗi a na'urar wani banki amma bankinka ne ya tsaya maka.

A ɗayan tsarin kuma babu wanda ke tsaya maka, makullinka shi ne kai. Phil Zimmermann ya fitar da PGP, manhajar rufe saƙo da sa masa hannu, a 1991, kowa ya ƙirƙiri makullinsa da kansa, in na san ka ido da ido sai in sa hannu a kan naka, wanda ya yarda da ni sai ya yarda da kai ta dalilina. Har taro ake yi musamman don sa wa juna hannu, kowa ya zo da kart ɗinsa na shaida. A takarda abin gwanin sha'awa, amma sama da shekara 30 ke nan bai fita daga hannun ƴan kwamfuta ba, don aikin tantance mutane da aka ɗauke wa hukuma an ɗora shi a kan kowa, kuma yawancin mutane ba su da lokacin wannan.

Kada ka ɗauka ina cewa tarayya ba ta da aibi. Babban aibinta shi ne in ɗaya daga cikin waɗanda aka yarda da su ya ruɓe sai ya shafi kowa. Ka duba kwaɗon nan na HTTPS da ke nuna shafin intanet na gaske ne, burawuzarka ta zo da jerin kamfanoni da dama da aka yarda su ba da takardar shaidar shafi, kuma kowannensu zai iya bayarwa da sunan kowane shafi. A 2011 aka fasa wani daga cikinsu a Holand mai suna DigiNotar, aka buga takardun bogi sama da 500 har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin mutane wajen 300,000 kusan duka a Iran. Masu burawuza suka cire shi daga jerin, cikin watan Satumba na shekarar kamfanin ya karye. Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya shafe ka: ba a rushe tsarin ba, sai aka ce duk takardar da aka bayar dole a rubuta ta a wani littafi na fili wanda ake ƙarawa a kai amma ba a gogewa, Certificate Transparency, kuma daga 2018 Chrome ba ya karɓar sabuwar takardar da ba ta ciki. Wato an ci gaba da yarda da su amma an hana su yin ƙarya a ɓoye.

Ƙungiyoyinka 6 sun san juna, suna haɗuwa a kasuwa da wajen suna da jana'iza, kowace tana da shugaba da ma'aji da aka zaɓa. Tarayya ce tun kafin ka zo, ka rubuta abin da ya yi daidai da ita.

Satoshi_na_Zango:

Yallaɓai Mai_Linux da girmamawa amma ka taƙaita labarin tarayya inda ya yi maka daɗi hhh. Imel ɗin da ka kawo, ka gwada kafa sabarka yau a ɗakinka ka aika wa mai Gmail saƙo ka ga inda zai faɗa, cikin spam, ko ka yi SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga wajenka ya fito, duka sai ka yi ta fama. A ƙa'ida kowa daidai yake, a zahiri manya biyu uku ne ke yanke hukuncin wanda za a saurara. XMPP, ƙa'idar hira ta saƙonni tsakanin sabobi, ma haka aka yi, Google Talk ya buɗe ƙofa yana magana da ƙananan sabobi, da mutane suka taru a wajensa sai a 2013 ya koma Hangouts ya bar su a waje. Mastodon ɗin ma da ake yabo, mai saba yana iya karanta saƙonka na sirri don ba a rufe yake daga talho zuwa talho ba, yana iya toshe wata saba gaba ɗaya kai ba a tambaye ka ba sai dai ka wayi gari ba ka ganin abokanka na can, in kuma ya gaji ya kashe na'urarsa mabiyanka ne kawai za ka iya ƙaura da su, shi ma in ka yi da wuri, rubutunka ya tahi.

To a cikin ƙungiyoyin nan 6 ai akwai wadda ta fi sauran kuɗi da yawan mambobi, nan da shekara biyu ita ce za ta zama Gmail ɗinsu ka rubuta ka ajiye. Kuma magatakardan da ke riƙe da saba in ya so ya rage wa talaka buhu biyu da dare wa zai gan shi?

Bitcoin tun Janairun 2009 yake tafiya babu shugaba babu ofis, ba wanda zai iya komawa baya shi kaɗai ya goge tsohon lissafi don sai ya sake duk aikin da aka yi daga wannan wurin zuwa yau kuma ya fi duniya sauri. Ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa 6 shi bai ko yi tari ba. Ni dai gara in yarda da lissafi da in yarda da ɗan Adam.

ƴar_Birni:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a wajen masu ba da ƙananan basussuka nake aiki ɓangaren kwamfuta, warantaj ɗin nan muna yinsa duk shekara don haka bari in sa baki.

Ɗan'uwa Satoshi maganarka ta magatakarda da buhu biyu gaskiya ce kuma tana faruwa. Amma blokcen ba ya maganinta. Shi abin da yake tabbatarwa shi ne ba a canza abin da aka rubuta ba, ba ya tabbatar da cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Bitcoin ya tsira don kuɗin a cikin littafin yake zaune, ba shi da jiki a waje. Buhun wake kuwa a magaza yake, wani ne ya auna tiya ya duba ko da ƙwari ya rubuta 10, in 8 ne ya rubuta 10 to ka samu ƙaryar da ba ta goguwa har abada, shi ke nan ribar.

Sannan maganar makulli. A tsarinka manomi ne ke riƙe da nasa, kalmomin sirri 12 ko 24 da ake maido makullin da su, waɗanda in sun ɓata babu wanda za a kai wa kuka. Mutanen da muke aiki da su talho ɗaya ne a gida, yaro ya ɗauka ya kai caji kasuwa, a sace, ya faɗa rijiya, a saida shi da damina a sayi hatsi. Za ka ce wa tsohuwar da ta ajiye buhu 4 na gujiya kayanki suna nan muna ganinsu amma ba za mu ba ki ba don kin manta kalmomi? Ba za a yi ba, dole a samu wanda zai ce na san ta a ba ta, kuma da ka samar da wannan mutumin ka dawo tarayya. Su ma masu kirifto, kuɗin intanet irin su Bitcoin, ai da suka ga riƙon makulli da wuya sai suka kai wa wasu ajiya, kamfanin canjin kirifto Mt. Gox na Japan ya rufe a 2014 da bitcoin wajen 850,000 yawancinsu na mutane, irinsa FTX ya bi baya a 2022. Blokcen ɗin Ethereum kuma da aka kwashe kuɗin wani asusun haɗin gwiwa da ke kansa mai suna DAO a 2016 mutane ne suka zauna suka yanke shawarar canza ƙa'ida a maido da kuɗin, waɗanda suka ƙi suka zama Ethereum Classic. Ashe akwai masu faɗa a ji, ba a dai zaɓe su a taro ba ne.

Kuma duk wahalar haƙar nan ta Bitcoin, wato gasar lissafi da na'urori ke yi kafin a ƙara rubutu a littafin, da cin kuran an yi ta ne don ba a san su waye ke cikin tsarin ba, mutum ɗaya zai iya ƙirƙirar suna dubu ya rinjayi ƙuri'a, sai aka sa kowace ƙuri'a ta zama da tsada. Ku kuwa ku 6 ne an san sunan kakan kowa. In wani ya ce a yi blokcen na ƴan gida irin Hyperledger Fabric, ka buɗe ka gani, kowace ƙungiya da hukumarta mai ba da takardar shaida, tarayya ce aka sa wa babbar riga.

Ɗan Garin Malam ka je ka dubi ƙofar magazar da kanta. Kwaɗo biyu ne a jiki, makullin ɗaya a hannun ƙungiyar manoma ɗayan a hannun mai ba da bashi, babu wanda ke buɗewa shi kaɗai. Ba su yarda da juna ɗari bisa ɗari ba kuma ba su ce a bar magaza babu mai makulli ba. Haka resinka ya kamata ya zama, magatakarda ya sa hannu da makullinsa, wakilin mai ba da bashi ya sa da nasa, in babu biyun aplikasiyo ya ƙi karɓa.

Abu ɗaya kuma, sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ke kansu za ka tara, ka leƙa dokar kare bayanan mutane ta ƙasa da abin da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, ke buƙata kafin ka fara. Littafin da kowa ke da kwafinsa kuma ba a gogewa zai ba ka ciwon kai ta nan.

ɗan_Garin_Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganin hanya. Yaya ƴar_Birni maganar sa hannu biyu ta shige ni. Amma ga inda na tsaya, in mutumin Matamaye ya zo Mirya da resi kuma ranar babu rezo, ta yaya Mirya za ta san resin na gaske ne? Kuma tsoron da Satoshi ya faɗa na a koma baya a gyara lissafi ni ma ina da shi, don shi ne ainihin abin da ya sa dattawan suka ƙi saba ɗaya.

Mai_Linux:

Na farkon ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Kowace ƙungiya ta yi makullinta biyu, na sirri da ake sa hannu da shi da na fili da ake duba sa hannun da shi, tsarin sa hannu na Ed25519 ya ishe ka, sa hannunsa bayit 64 ne kawai don haka resin gaba ɗaya da sa hannun mutum biyu zai shiga cikin QR ɗaya a buga a takarda. Talhon magatakardan Mirya yana ɗauke da makullan fili na duka 6, ya ɗauki hoton QR ya duba a take ko yana tsakiyar daji. Wannan dabarar ƴan desantralize ce kuma babu laifi ka ara.

Abin da sa hannu ba zai gaya maka ba shi ne ko an riga an ci wannan resin jiya a Magarya. Resi na gaske ne amma an nuna shi wuri biyu. Wannan kam sai an tambayi gida, kuma blokcen ma ba zai cece ka ba don shi ma sai da rezo ake sanin abin da sauran suka rubuta, ka tuna ƙarshen Fabrairun 2021 da intanet na talho ya ɗauke wajen kwana 10 a ƙasar nan. Ka sa hanyar SMS, lambar resi ta tahi sabar gida ta amsa da saura nawa, in SMS ma ya ƙi sai a sa iyaka, misali kada a ba da abin da ya wuce kuɗin buhu ɗaya sai an tabbatar. Nawa ne iyakar, su za su yanke ba kai ba.

Na biyun kuma ka yi yadda Git, manhajar ajiye tarihin kod, ke yi, kowane layi da aka rubuta ya ɗauki hash na wanda ya gabace shi, wato ƴar lambar da ake lissafowa daga rubutu wadda ke canzawa in an taɓa ko harafi ɗaya, duk ranar kasuwa ko duk lokacin da rezo ya samu kowace saba ta aika wa sauran 5 hash ɗinta na ƙarshe da sa hannu. Ba lissafin za su gani ba, ƴar lamba ce kawai, sirrin kowa na wajensa, amma ranar da wani ya taɓa layin watan jiya lambar ba za ta ƙara dacewa da wadda ke hannun mutum 5 ba. In kuskure aka yi sai a rubuta sabon layi na gyara da sunan wanda ya gyara. Tsohon laftof ko ƴar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da pano da batir ya ɗauki wannan.

Satoshi ya yi gaskiya a kan babba ya haɗiye ƙanana, kuma wannan ba kod ke hana shi ba. Wurin da za a yi rigimar shi ne jerin makullan nan, wa ke ƙara ƙungiya ta 7, wa ke cire wadda ta yi ha'inci, in an sace laftof ɗin Magarya wa ke sanar da cewa tsohon makulli ya mutu. Ka sa jerin ba ya canzuwa sai 4 cikin 6 sun sa hannu, a rubuta haka a takardar yarjejeniya kafin ka rubuta layi ɗaya na kod.

Satoshi_na_Zango:

To ai kun gina rabin blokcen kun ƙi kiran sunansa ne kawai hhh. Na yarda da maganar tsohuwa da kalmomi 12. Amma 4 cikin 6 ɗin nan, in manyan 4 suka haɗa baki a kan ƙananan 2 fa? Aƙalla dai a ba kowane manomi resinsa na takarda mai QR ya ajiye a gida, kuma kod ɗin ya zama a buɗe yadda ko an kori ƙungiyarsa daga jerin zai iya nuna wa alƙali ko mai gari cewa ranar kaza an sa hannu a kan buhunsa.

ƴar_Birni:

Wannan kam na goyi baya, kuma firintar resi irin ta masu shago ba ta da tsada, sai dai rubutunta yana gogewa in takardar ta sha zafi, kafin bazara za ka ga ta koma fara fat. Ku buga a takardar A4 ta gaske ko ku yi fotokopi tun ranar. Ɗan Garin Malam in ka rubuta daftarin yarjejeniyar ka turo nan mu duba, musamman wajen abin da za a yi in magatakarda ya rasu ko an sauke shi a tsakiyar kaka.